Darasi na Bakwai: Tabar Wiwi da Mai Ciwon Hanta Nau'in C

Hanta tana ɓangaren dama na ciki, a ƙarƙashin haƙarƙari. Nauyinta a jikin baligi ya kai kusan kilo ɗaya da rabi. Ita ce ke tace jini, ta sarrafa abinci, ta ajiye sukari, ta haɗa abin da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Duk abin da ya shiga jini sai ya bi ta wajenta, ko ta baki ya shigo ko ta huhu. Hayaƙin wiwi ma haka ne. Sinadarin da ke sa maye a cikinsa, mai suna THC, daga huhu yake shiga jini, daga nan hanta ta karɓe shi ta narkar.

Tambayar da masu ciwon hanta nau'in C suke yi, wani lokaci a fili, sau da yawa cikin raɗa, ita ce: wiwi tana ƙara lalata hanta, ko kuwa magani ce kamar yadda ake faɗa a majalisa? Kafin amsa, sai mun san ciwon kansa.

Yadda ciwon yake cin hanta

Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, an gano ta a 1989. Ta jini take bi: allura ko sirinjin da aka yi amfani da shi ga mutum fiye da ɗaya, ƙarin jinin da ba a tantance ba, askar wanzami, reza, ƙaho, tsaga, almakashin mai yankan farce. Ba a ɗauka ta cin abinci a kwano ɗaya, ko musabaha, ko shayarwa. Babu allurar rigakafinsa, saɓanin nau'in B da ke da ita.

A cikin mutum 10 da suka kamu, kusan 3 jikinsu kan kori cutar da kansa cikin wata 6. Sauran 7 tana zama a jikinsu. Shekaru za su wuce mutum yana noma, yana kasuwa, ba ya jin komai. Amma a ciki hanta tana kumbura tana warkewa, tana kumbura tana warkewa, kowace warkewa kuwa tabo take bari. Likitoci na auna wannan tabo daga F0, wato babu komai, zuwa F4, wato hanta ta taurare ta ƙanƙance. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na masu ɗauke da cutar kan kai wannan mataki cikin shekara 20. Daga nan ne ake samun kumburin ciki, aman jini da kansar hanta. Hukumar ta ƙiyasta mutum miliyan 50 ke ɗauke da cutar a duniya, kuma ta kashe kusan 242,000 a 2022.

Ba kowa ne tabonsa ke tafiya da sauri ɗaya ba. Wani shekara 30 bai wuce F1 ba, wani shekara 12 ya kai F4. Shi ya sa ake bin diddigin abin da ke hanzarta shi.

Abin da aka gano game da wiwi

A jikin hanta akwai wurare iri biyu da sinadaran wiwi ke maƙalewa, ana kiran su CB1 da CB2. Gwajin da aka yi a kan dabbobi ya nuna idan aka motsa CB1, tabo da kitse suna ƙaruwa. Idan aka motsa CB2, kumburi da tabo suna raguwa. THC kuwa duka biyun yake taɓawa. Wannan ne tushen saɓanin da ke cikin binciken da aka yi a kan mutane.

A 2005 likitoci a Faransa suka duba masu cutar 270 da ba su fara magani ba, an ɗebi ɗan tsokar hantarsu an auna. Masu shan wiwi kullum tabonsu ya fi saurin yaɗuwa. Masu sha jefi-jefi ba a ga bambanci tsakaninsu da marasa sha ba. A 2008 wani bincike a San Francisco ta Amurka, a kan mutum 204, ya sake ganin haka ga masu sha kullum. Amma a 2013 likitocin Kanada suka fitar da sakamakon bin mutum 690 masu ɗauke da nau'in C tare da cutar ƙanjamau na tsawon lokaci, ba su ga wiwi ta hanzarta tabo ba. Suka kawo wata fassara mai ma'ana: wataƙila wanda hantarsa ta riga ta lalace ne ke ƙara sha don ya samu barci da cin abinci, sai a ɗauka shan ne ya lalata ta.

To me mutum zai ɗauka? Babu wani bincike da ya nuna wiwi tana kashe ƙwayar cutar ko tana goge tabo a jikin ɗan Adam. Akwai waɗanda suka nuna sha kullum yana tare da lalacewa. A ganinmu, wanda hantarsa ke fama da cuta bai kamata ya yi caca da ita ba. Ya daina, musamman idan awo ya nuna ya kai F3 ko F4.

Maganar cewa wiwi tana taimaka wa magani tana da asali, amma zamaninta ya wuce. A da ana amfani da allurar intaferon da ƙwayar ribabirin na wata 6 zuwa shekara guda, masu sa zazzaɓi, tashin zuciya da rama. Wani ƙaramin bincike a Kalifoniya a 2006, na mutum 71, ya ga masu shan wiwi sun fi jure wannan wahala har su kammala. Yanzu an bar wannan allura. Magungunan yau ba su da wannan azaba.

Haka man CBD, wani sinadarin wiwi da ba ya sa maye, da ake tallarsa a intanet da sunan gyaran hanta. Abin da aka tabbatar a kansa shi ne idan aka sha da yawa yana ɗaga awon ALT, alamar hanta na jin jiki. Kada a saya.

Abokan tafiyar wiwi

Nan ne ɓarnar da babu jayayya a kanta take. Binciken shaye-shaye na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 10.6 na shan wiwi, miliyan 4.6 kuma na shan irin su tiramadol da kodin ba bisa ƙa'ida ba. Da yawa haɗawa suke yi.

Giya ce kan gaba. Ko ta kwalba, ko burkutu, ko ogogoron da ake jiƙa ganyen wiwi a ciki, duk ɗaya ne. Ga mai nau'in C babu adadin giya da za a ce ba ya cutarwa, domin ita da ƙwayar cutar wuri ɗaya suke sara. Sigarin da ake cakuɗawa a naɗi yana ƙara haɗarin kansar hanta. Kwaɗayin zaƙi da maiƙon da ke biyo bayan sha yana tara kitse a hanta, kitse kuma yana hanzarta tabo. Wanda kuma shaye-shayensa ya kai ga allura, yana iya ba abokansa cutar, yana iya sake ɗaukar ta ko bayan ya warke.

Karɓa-karɓar naɗi ɗaya a majalisa ba ya cikin sanannun hanyoyin ɗaukar nau'in C. Amma zama a ɗaki rufaffe ana busa hayaƙi ana tari hanya ce ta tarin fuka, kuma magungunan tarin fuka suna da nauyi ga hanta. Ɗaya daga cikinsu, rifamfisin, yana karya ƙarfin maganin nau'in C gaba ɗaya.

Haɗarin da iyali ya kamata su sani

Idan hanta ta taurare, ba ta iya tace gubar da ke fitowa daga hanji, sai gubar ta hau ƙwaƙwalwa. Mutum zai fara barci da rana, ya kwana ido biyu. Zai riƙa mantuwa, magana ta yi masa nauyi, ya yi fushi ba dalili, ya sa riga a bai-bai. Idan an san shi da shan wiwi, sai mutanen gida su ce ai buguwa ce, a bar shi ya kwanta ta sake shi. Wannan kuskure yana kashe mutum.

Ga gwajin da za a yi a gida. A sa shi ya miƙa hannuwansa biyu gaba, ya ɗaga tafukan sama, ya buɗe yatsu, ya tsaya haka na daƙiƙa 30. Idan tafukan suna faɗowa suna komawa da kansu, alama ce mai ƙarfi ta guba a ƙwaƙwalwa. A kai shi asibiti a ranar. Ko ba a ga wannan ba, ruɗewar da ta wuce yadda aka saba gani ta isa dalili. Haka kuma idan ido ya yi rawaya irin na shawara, ko ciki da ƙafafu suka kumbura, ko ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya fito baƙi ƙirin mai yauƙi. Ba a jiran gobe da waɗannan, ba a fara zuwa wajen mai jiƙo.

Akwai kuma wani amai da ke kama wanda ya daɗe yana sha kullum: ya yi ta amai kwana biyu ko uku, ba ya samun sauƙi sai ya yi wanka da ruwan zafi. Wiwin ce ke kawo shi, ƙara sha ƙara shi yake yi. Ga mai shan magani matsala ce babba, don ƙwayar da aka amayar ba ta yi aiki ba.

Magani

Kada a bar jaki ana dukan taiki. Ko mutum ya daina wiwi yau, ƙwayar cutar tana nan tana aiki har sai an kashe ta, kuma yanzu ana kashe ta. Tun daga 2013 da aka fito da sofosbubir, fiye da kashi 95 cikin ɗari na masu shan sababbin ƙwayoyin suna warkewa sarai. Masar, wadda a da take cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a cikinsu, ta gwada miliyoyin mutanenta daga 2018, ta ba su magani, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta karrama ta a 2023.

Gwaji biyu ne. Na farko, na ɗigon jini a yatsa, yana nuna ko cutar ta taɓa shiga jiki ne kawai, kuma yakan ci gaba da nunawa har bayan warkewa. Na biyu, mai suna PCR, shi ke nuna ko tana nan yanzu. Kada a sayi magani da sakamakon farko kaɗai. Daga nan sai a auna tabo, ko da lissafin gwajin jini ko da na'urar FibroScan. A duba nau'in B da ƙanjamau, domin nau'in B da ke kwance yana iya tashi idan aka fara maganin C. Wanda ba shi da B ya yi rigakafinsa. Ana samun ƙwararrun hanta a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya.

Haɗin da aka fi samu a ƙasashenmu shi ne sofosbubir miligiram 400 da daklatasbir miligiram 60, sau ɗaya a rana, mako 12. Kwana 84 ke nan, wato robar ƙwaya 28 sau uku. Mai taurin hanta ana iya kai shi mako 24. Likita ne zai yanke. A tanadi na dukan kwanakin tun farko, don yankewa a tsakiya na ba cutar damar dawowa. Mako 12 bayan ƙwayar ƙarshe a sake PCR. Idan ba a ga komai ba, an warke. Wanda ya kai F4 zai ci gaba da hoton ciki duk wata 6 don tsaron kansar hanta, ko da ya warke.

Shan wiwi ba ya hana a ba mutum wannan magani, kuma ba sai ya daina za a fara ba. Illarta a nan mantuwa ce. A haɗa shan ƙwayar da abin da ba ya wucewa, kamar karin kumallo, a ja layi a kalanda kullum, a sa wani a gida ya riƙa tunatarwa. Idan an manta aka tuna a ranar, a sha. Idan har gari ya waye, a sha ta ranar kawai, kada a haɗa biyu.

Ka gaya wa likita gaskiya: naɗi nawa a rana, tun yaushe, da me kake haɗawa. Wiwi haramtacciya ce a dokar Najeriya da Nijar, shi ya sa mutane ke ɓoyewa, amma likita ba ɗan sanda ba ne. Ka kai masa duk abin da kake sha a leda, har da na gargajiya. Magungunan farfaɗiya irin su kabamazafin da fenobabiton suna hana maganin aiki. Mace mai ciki ko mai neman ciki ta faɗa tun kafin a rubuta.

Dainawa

Wanda ya saba sha kullum zai ji a jikinsa. Abin kan fara kwana 1 zuwa 2 bayan naɗin ƙarshe, ya tsananta a makon farko, ya lafa cikin kusan mako 2: saurin fushi, rashin barci, rashin son abinci, gumi, mafarkai masu firgitarwa. Barci ne ke daɗewa bai daidaita ba, wani har wata guda. Yana da wuya, amma ba ya kisa.

A sa rana. A fitar da takardar naɗi da ragowar ganye daga ɗaki. A sauya wurin zama a lokacin da aka saba sha, wanda ga yawancin mutane bayan magariba ne. Wanda ba zai iya yankewa lokaci guda ba, ya fara cire giya da sigari gaba ɗaya, sannan ya rage naɗi mako bayan mako.

Babban kuskure shi ne zuwa kemis neman abin barci. Baliyam, tiramadol da kodin suna iya jefa mai raunin hanta cikin ruɗewar da muka bayyana. Don ciwon kai, farasitamol ya fi aminci, amma mai taurin hanta kada ya wuce giram 2 a yini, wato ƙwaya 4 ta miligiram 500. Ya guji ibufurofen da dikilofenak, suna jawo zubar jini a ciki da ciwon ƙoda. Idan mako 2 ya wuce abin ya gagara, ko aka fara jin muryoyi ko tunanin cutar da kai, a je asibitin ƙwaƙwalwa. Akwai na tarayya a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, suna kuma kula da masu son rabuwa da shaye-shaye. A gaya musu akwai ciwon hanta kafin su rubuta magani.