Yadda ake gwajin tsirowar hanyoyin jini a ƙwan kaza

Ƙari, wato tsiron ciwon daji, ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 sai ya jawo wa kansa sababbin hanyoyin jini. Judah Folkman ne ya kafa wannan hasashe a 1971, kuma har yau masu binciken ciwon daji, warkewar rauni da ciwon zuciya suna bukatar hanyar gane abin da ke tsirar da jijiyar jini da abin da ke hana ta. Ɗaya daga cikin hanyoyi masu arha ita ce amfani da tantanin da ke shimfiɗe ƙarƙashin ɓawon ƙwai, wanda ɗan tsako ke numfashi da shi, ana ce masa CAM. Garkuwar jikin ɗan tsakon ba ta ƙosa ba a makonni biyun farko, shi ya sa yake karɓar abin da aka ɗora masa.

A samo ƙwan kajin da zakara ya barbara, wanda bai haura mako guda ba. A goge shi da auduga mai ɗan sifirit, amma kada a jiƙa, don ɓawo yana da ƙofofi kuma sifirit na ratsawa. A sa a injin ƙyanƙyasa a zafi 37.5 na Salsiyas, danshi kashi 60 zuwa 65.

A rana ta 3 a kwantar da ƙwan a gefensa, a huda tsinin, a zuƙe mililita 2 zuwa 3 na farin ƙwai. Allurar ta kalli ƙasa, in ba haka ba za ta fasa gwaiduwa. Wannan zuƙar ce ke sa abin da ke ciki ya sauka ya rabu da ɓawo. A toshe ramin, a manna salatif a saman ƙwan, sannan a yanka taga ta kimanin santimita 1 ta cikin salatif ɗin. Nan ne aka fi ɓata aiki. Ɓurɓushin ɓawo ko ɗaya ya faɗa kan tantanin zai tayar da kumburi, kumburi kuwa yana jawo jijiyoyi, sai mutum ya ɗauka maganinsa ne ya yi aiki. Duk ƙwan da aka ga farin gari a kansa a fitar da shi daga lissafi. A rufe tagar da salatif mai garai-garai, a daina juya ƙwan.

Ranar ɗora magani ta danganta da abin da ake nema. Jijiyoyin tantanin suna yaɗuwa da sauri don kansu har wajen rana ta 10 ko 11. Mai gwada abin da ke hana tsirowa ya ɗora a rana ta 7 ko 8, lokacin da akwai abin hanawa. Mai gwada abin da ke tsirarwa gara ya jira rana ta 10, don kada girman da tantanin ke yi da kansa ya rufe tasirin.

Ana ɗiga maganin a ƙaramin faifan takardar tacewa mai tsabta, a aza tsakanin manyan jijiyoyi biyu, ba a kansu ba. Faifan shi kansa yana ɗan fusata tantanin, don haka dole a ware rukunin da aka ɗiga wa ruwan da ake narkar da maganin a ciki zalla, da wani da aka sa wa VEGF, sinadarin da aka tabbatar yana tsirar da jijiya. Kowane rukuni ya samu ƙwai 10 ko fiye, saboda wasu za su mutu.

Bayan awa 48 zuwa 72 a ɗauki hoto da madubin likita a girma ɗaya. A ƙirga rassan da ke nufar faifan kamar wayoyin ƙafar keke. Mai ƙirgar kada ya san wane rukuni yake dubawa. A kammala kafin rana ta 14, a kashe 'yan tsakin bisa ƙa'idar kwamitin ɗa'ar bincike na cibiyar.