Wasan Waƙa a Landan: Ku Fara da Rediyo Kafin Ku Taɓa Aljihu

Duk wanda ya sauka Landan, kafin ya yi mako guda zai saba da ganin tallar wasannin waƙa a bangon tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa da jikin jajayen motocin bas. Wasannin kwaikwayo ne da ake ba da labarinsu da waƙa da rawa, a kan dandamali, a gaban idon mai kallo, makaɗa kuma suna zaune a wani rami a gindin dandamalin suna kiɗa kai tsaye. Cibiyarsu ita ce unguwar West End, wato kewayen Shaftesbury Avenue da Leicester Square da Covent Garden, inda akwai gidajen wasa kusan 40. Mu da muka taso da finafinan Indiya da na Hausa, labarin da ake tsayawa a tsakiyarsa a rera waƙa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da yake baƙo shi ne kuɗin shiga.

Kujera mai kyau a shahararren wasa takan haura fam 100, kuma a daren Asabar akwai wadda take wuce fam 200. Mafi araha, can ƙololuwar bene, takan kama daga fam 20 zuwa 30. Farashin ba a tsaye yake ba, yana hawa idan masu nema suka yi yawa, sannan akwai kuɗin yankan tikiti da ɗan harajin gyaran gini da ake ɗorawa a kai. Magidanci mai mata da 'ya'ya biyu, idan ya haɗa da kuɗin jirgi da abin sawa a baki, cikin dare ɗaya zai iya kashe abin da zai yi musu cefanen makonni. Tsadar tana da dalili: 'yan wasa da makaɗa da masu fitilu da masu ɗinki duk albashi suke karɓa, ana yin wasan sau takwas a mako, gine-ginen kuma da yawansu sun haura shekara 100. Amma sanin dalilin ba ya rage wa sabon zuwa nauyin haya da kuɗin da ake jira a gida.

Shawarata ita ce kada ku biya kuɗin wasan da ba ku taɓa jin waƙoƙinsa ba. Ku bar rediyo ya fara yi muku jagora, domin kyauta ne. A Birtaniya sai da lasisi ake kallon talabijin kai tsaye, amma sauraron rediyo ba ya buƙatar ko kwabo, an soke lasisinsa tun 1971. Tashar BBC Radio 2, wadda ake kamawa tsakanin mita 88 da 91 a zangon FM, tana da shiri duk ranar Lahadi da rana wanda Elaine Paige take gabatarwa tun 2004. Ita kanta tsohuwar tauraruwar dandamali ce, ta yi suna tun 1978, don haka ba sa waƙa kawai take yi ba, tana faɗin wasan da aka ciro ta, da wanda yake rera ta a cikin labarin, da abin da ya sa shi kuka ko murna. Wanda yake bakin aiki a lokacin zai iya sauraro daga baya ta manhajar BBC Sounds. Gidan rediyon Magic kuma ya buɗe wata tasha a 2019 da ba ta sa komai sai irin waɗannan waƙoƙi, dare da rana, ana samunta ta intanet.

Akwai wata riba a nan da nake so ku lura da ita sosai. Mawaƙan dandamali suna fitar da kowace kalma tar, saboda idan mai kallo bai ji kalmar ba, labarin ya ɓace masa. Wanda Turancin mutanen nan yake yi wa sauri a kunne, waɗannan waƙoƙi sun fi masa waƙoƙin zamani amfani nesa ba kusa ba. Ki kunna yayin da kike girki, ka kunna a hanyar komawa gida daga aikin dare. Bayan wata biyu ko uku za ku gane wanda ya kwanta muku a rai, kuma ranar da kuka zauna a gidan wasa ba za ku ɓata rabin lokacin kuna kokawar gane abin da ake faɗa ba. Na fi son mutum ya ga wasa ɗaya da ya sani ya ji daɗinsa, da ya ga uku yana zaune kamar baƙon da aka gayyata biki bai san ango ba.

Idan lokacin ya yi, ga hanyoyin rage kuɗi. A tsakiyar Leicester Square akwai rumfar TKTS, wadda ƙungiyar gidajen wasan Landan take gudanarwa tun 1980, tana sayar da tikitin ranar da rangwame. Ku tabbata ita ce, domin kewayen wurin akwai shagunan da suke kwaikwayon ta, kuma kada ku sayi tikiti a hannun mai talla a bakin titi. Manhajar TodayTix tana fitar da tikitin gaggawa, wato na wasan ranar mai rahusa, da safe, yawanci ƙarfe 10, mai saurin yatsa ya samu. Wasu wasannin, kamar Hamilton, sun daɗe suna fitar da kujerun fam 10 ta ƙuri'a. Ba a biyan kuɗin shiga ƙuri'ar, sai wanda sunansa ya fito yake biyan kuɗin kujera. Wasan rana a tsakiyar mako ya fi na daren Asabar sauƙi. Idan kun ga an rubuta cewa kujera ba ta ganin dandamali gaba ɗaya, gaskiya suka faɗa, wataƙila ginshiƙi ne a gabanta, sai ku duba hoton wurin a intanet kafin ku biya.

Masu yara su riƙe Kids Week a zuciya. A lokacin dogon hutun makaranta na Agusta, yaro ɗan shekara 17 zuwa ƙasa yana shiga kyauta idan yana tare da babban da ya biya cikakken kuɗi. Tun wajen Yuni ake fara sayarwa, kuma ba sa daɗewa. A watan Yuni ɗin ne kuma ake yin West End LIVE a dandalin Trafalgar, inda 'yan wasa suke fitowa su rera waƙoƙinsu kyauta a fili. Layi yana da tsawo, a yi sammako.

Wane za a fara da shi? Ga iyali, The Lion King da ake yi a gidan Lyceum tun 1999 ya fi dacewa: da harshen Zulu ake buɗe shi, akwai 'yan Afirka ta Kudu a cikin masu rerawa, kuma babu abin da zai sa uba ya sunkuyar da kai a gaban 'ya'yansa. Ba duka ne haka ba. Wasu akwai batsa da tufafin da ba su dace da tarbiyyarmu ba, wasu ma izgili suke yi wa addini, don haka ku karanta bayanin shekarun da aka yarda su shiga kafin ku yanki tikiti. Labarin ƙasarmu ma ya taɓa hawa wannan dandamali: wasan Fela!, a kan rayuwar Fela Kuti, an yi shi a National Theatre a 2010, aka kai shi Legas a 2011.

Ku yi lissafin salla tun kafin ku fita. Wasan rana yakan fara 2:30, na dare 7:30, kowanne yana ɗaukar kusan awa biyu da rabi tare da hutun minti 15 zuwa 20 a tsakiya. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4, wato wasan rana zai haɗa da la'asar da magariba. A watan Yuni kuwa magariba tana wuce ƙarfe 9, tana tarar da mutum a cikin wasan dare. Wanda ya makara ba a buɗe masa ƙofa sai an kai wata gaɓa, kuma ba a ɗaukar hoto ko bidiyo da waya.

Waɗanda suke Manchesta ko Bamingam ko Edinbara ba sai sun yi tattaki zuwa Landan ba. Manyan wasannin suna zagayawa, suna sauka a gidaje irin su Palace Theatre da Hippodrome da Playhouse, kuma kujerunsu galibi sun fi na West End sauƙi, ga kuɗin jirgin ƙasa da na masauki sun tsaya a aljihu.