Yadda Ake Gane Farfaɗiyar Zabura a Jarirai da Yadda Ake Magance Ta

Ba kowace farfaɗiya ce take zuwa da jijjiga da kumfar baki ba. Akwai wadda take kama jarirai, galibi tsakanin wata 3 da wata 12 da haihuwa, wadda ake kira ciwon West, da sunan likitan Ingila William West da ya bayyana ta a 1841 bayan ya gan ta a jikin ɗansa na cikinsa.

Abin da uwa za ta lura da shi shi ne jaririn yakan sunkuyar da kai kwatsam, ya ware hannuwa, ya janyo gwiwoyinsa zuwa ciki na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ya saki jiki, can kuma ya sake, har sau da yawa a jere, musamman idan ya farka daga barci. Sau da yawa manya a gida sukan ce ciwon ciki ne ko firgita, kuma ba a ga laifinsu ba, domin abin ya yi kama da haka. Amma idan jaririn da ya saba murmushi ya daina, ko ya bar bin fuskar mahaifiyarsa da ido, to lamarin ya wuce ciwon ciki.

Da farko a ɗauki bidiyon zaburar da waya, domin ba lallai ne ta zo a gaban likita ba, sannan a kai jaririn wurin likitan yara ba tare da jiran ranar rigakafi ba, saboda jinkirin makonni kaɗan yana iya tauye ci gaban ƙwaƙwalwarsa. Likita zai tambaya ko jaririn ya yi kuka da wuri da aka haife shi, ko ya taɓa yin shawara mai tsanani ko sanƙarau, kuma zai duba fatarsa ko akwai fararen tabo masu siffar ganye, waɗanda suke nuni da wata cuta da ake haihuwar yaro da ita. Gwajin da yake tabbatar da ciwon shi ne EEG, wato awon aikin ƙwaƙwalwa ta wayoyin da ake mannawa a kai, kuma ya fi inganci idan ya haɗa da lokacin barci. Hoton MRI, wato hoton cikin ƙwaƙwalwa da ake ɗauka da na'ura, shi ma yana taimakawa wajen gano musabbabin.

Maganin farfaɗiya da aka saba da shi, irin su phenobarbitone, ba ya cika aiki a nan. Abin da ake bayarwa shi ne prednisolone ko allurar ACTH na kimanin mako biyu, sannan a riƙa ragewa a hankali, ko kuma vigabatrin, wanda aka fi zaɓa ga masu fararen tabon nan, ko da yake yana iya rage ganin da ido yake yi ta gefe. Prednisolone yakan sa yawan ci da rigima da hawan jini, yana kuma rage garkuwar jiki, don haka zazzaɓi kaɗan ya isa dalilin komawa asibiti, kuma haɗari ne a daina shi lokaci guda.

Idan abin ya motsa, kada a sa masa cokali a baki, kada a yi masa ɗura ko hayaƙi, a kwantar da shi a kan gefen jikinsa kawai. Bayan mako biyu da fara magani a koma wurin likita a sake EEG, ko da zaburar ta tsaya.