Yadda Ake Shirin Binciken Babban Hanji

Binciken da likitoci ke kira kolonoskofi shi ne a zura wani siririn bututu mai lanƙwasuwa ta dubura, wanda ke ɗauke da fitila da kyamara a bakinsa, domin a duba cikin babban hanji, mai tsawon kimanin mita ɗaya da rabi. Da shi ake gano musabbabin zubar jini ko gudawar da ta ƙi tsayawa, da shi kuma ake ganin ƙananan tsiron da kan fito a bangon hanji, a cire su tun kafin su rikiɗe su zama sankara. Aikin kansa bai cika wuce minti 30 zuwa 60 ba. Shirin ne ke ɗaukar kwanaki, kuma a kansa ingancin binciken ya rataya, domin kyamara ba ta ganin abin da bayan gida ya lulluɓe.

Tun ana saura mako guda ya kamata mutum ya lissafa wa likita duk magungunan da yake sha. Masu shan maganin tsinka jini irin su warfarin, da masu ciwon suga da ke shan ƙwaya ko yin allurar insulin, suna bukatar tsari na musamman, kuma kada kowa ya dakatar da waɗannan magunguna da ra'ayin kansa. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe akan ajiye shi kwana 5 zuwa 7 kafin ranar, saboda yana baƙanta bayan gida ya sa ya manne a jikin hanji. Wanda ke da ciwon ƙoda ko na zuciya, da mace mai juna biyu, su ma su faɗa, domin ba kowane maganin wankin ciki ne ya dace da su ba.

Ana saura kwana 2 ko 3, sai a bar abinci mai ɓawo da dusa, da ɗanyen ganye, da wake, da 'ya'yan itatuwa masu ƙananan ƙwayoyi, a koma ga farar shinkafa, ƙwai, kifi ko kaza. Ana gobe bincike kuwa, yawanci babu abin da za a tauna, sai ruwa da abin sha tsararre wanda ido ke iya ratsawa, kamar shayi ba madara da romon da aka tace. A guji abin sha mai launin ja ko shunayya, domin yana iya kama da jini a idon mai bincike.

Maganin wankin ciki shi ne inda mutane suka fi karaya. Wanda aka fi bayarwa yakan kai lita 2 zuwa 4, kuma galibi ana raba shi gida biyu: rabi da yammacin ana gobe, rabi da safiyar ranar, sa'o'i 4 zuwa 6 kafin a shiga, a kuma gama duk wani shan ruwa aƙalla sa'o'i 2 kafin lokacin. A ganina kason safen nan ya fi komai muhimmanci, duk da cewa shi ne mutane suka fi tsallakewa idan suka ga cikinsu ya riga ya wanku da dare. Abin da ba su sani ba shi ne, cikin dare ƙaramin hanji yana ci gaba da zubo ruwa da majina zuwa farkon babban hanji, wurin da shimfiɗaɗɗen tsiro ke da wuyar gani ko da hanjin yana fes. Idan wankin bai yi ba, likita na iya ɗage binciken, mutum ya sake shan wahalar daga farko.

Ɗanɗanon maganin ba shi da daɗi, amma sanyaya shi da shan sa kofi-kofi, a bar minti 10 zuwa 15 tsakani, yana sauƙaƙa lamarin. Idan tashin zuciya ya taso, a dakata na rabin sa'a sannan a ci gaba, idan kuwa amai ya ƙi tsayawa a kira asibiti. Mutum ya zauna kusa da bayi, ya shafa man baselin a dubura saboda raɗaɗi, ya kuma yawaita shan ruwa don kada jikinsa ya bushe. Alamar cewa ciki ya wanku ita ce abin da ke fita ya zama ruwa tsararre, rawaya-rawaya kamar fitsari, babu gudaji.

Da yake akan ba da maganin sa barci ko kwantar da jiki, dole ne a zo da babban mutum wanda zai mayar da majiyyaci gida, kuma kada majiyyacin ya yi tuƙi ko ya sa hannu a muhimmiyar takarda har sai an yi sa'o'i 24. Kumburin ciki da fitar iska bayan an gama ba abin damuwa ba ne, domin iskar da aka hura don buɗe hanjin ce ke fita. Amma matsanancin ciwon ciki, ko zazzaɓi, ko jinin da ke zuba da yawa, suna bukatar a koma asibiti nan take.