Yadda Za Ka Gyara Lafiyarka Daga Kofin Shayin Safe

Yawancin waɗanda na ga sun ɗauki niyyar gyara lafiyarsu a nan Katsina, rana ɗaya suke son gama komai. An auna mutum a asibiti an ce jininsa ya hau, sai ya dawo gida ya yanke gishiri, ya yanke shayi, ya sayo takalmin gudu, ya ce kullum sai ya zagaya filin wasa na Muhammadu Dikko. Kafin sati biyu ya koma gidan jiya. Don haka abu ɗaya za ka ɗauka, kuma kada ka ƙara na biyu sai na farko ya zauna.

Fara da sukari, don nan ne aka fi faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babban mutum ke ƙarawa a abin ci da abin sha kada ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12, kuma in ya sauko zuwa cokali 6 ya fi. Gobe da safe ka tsaya ka kalli hannun mai shayinka. Babban cokali yake dumbuzawa, biyu ko uku, ga Milo ko Bournvita a kai, su ma da nasu sukarin. Da rana ka ɗora kwalbar lemo mai sanyi, wadda ita kaɗai sukarinta ya kai ƙaramin cokali 9. Ba a zo kan kokon safe da zoɓon la'asar ba.

Kuskuren masu farawa shi ne su ce daga yau babu sukari sam. Shayin sai ya zama magani a bakinsu, kwana uku su haƙura. Kai rage rabin cokali kawai, ka zauna a haka sati guda, sannan ka sake ragewa. Kuma ka yi magana tun kafin ya ɗaga cokalin: "Malam, ɗaya da rabi za ka sa mini." In ka bari ya riga ya zuba, kunya ba za ta bar ka ka mayar ba. Harshe yana sabawa, har wata rana ka kurɓi irin shayinka na da ka ji ya gundure ka. Kada kuma ka musanya da zuma kana ganin ka tsira: a lissafin likitoci ita ma sukari ce, ga tsada, ga jabunta ya cika kasuwa. Fura da nono kuwa, a wurina ba ta buƙatar sukari ko kaɗan in nonon mai kyau ne.

Bayan wata guda sai gishiri. Ma'aunin bai kai giram 5 a rana ba, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, kuma dunƙulen da ake jefawa a miya yawancinsa gishiri ne. Wannan ba aikin da maigida zai yi da umarni ba ne, zama za ku yi da uwargida ku yarda a cire dunƙule ɗaya daga tukunya, a ƙara daddawa da citta da tafarnuwa. Wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini kada ya ajiye shi don ya rage gishiri.

Tafiya kuma, minti 150 a sati ake so, wato minti 30 sau biyar. Ɗaure ta da sallar asuba: in an sallame, bi doguwar hanya zuwa gida, da ɗan sauri. Daga Maris zuwa Mayu kada ka gwada ta da rana. Ke ma Hajiya, zuwa Islamiyya a ƙafa maimakon Keke Napep yana cikin lissafi, kuɗin motar kuma ya zauna a jaka.

Barci awa 7 ne mafi ƙaranci ga babba, mai tashi asuba ke nan ya kwanta wajen ƙarfe 10, wayar kuma a bar ta caji nesa da shimfiɗa. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, ka leƙa gidan goggo ko wani tsohon aboki ku gaisa ido da ido, ko da minti 15 ne.