Yadda nake adana abinci a firji duk da ɗauke wuta

Uwargida, abu na farko da nake so ki riƙe shi ne firji ba ya kashe ƙwayoyin cuta, rage musu saurin hayayyafa kawai yake yi. Shi ma sai in sanyin ya kai yadda ake so: digiri 4 ko ƙasa da haka a ɓangaren firji, digiri 18 ƙasa da sifili a firiza. Tsakanin digiri 5 da 60 nan ne suke sakewa, har wasunsu kan ninka yawansu cikin minti 20. To mu nan Kano da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ga wuta a kawo a ɗauke, kin ga dole a riƙa lissafi. Ni ƙaramin ma'aunin sanyi na saya na rataye a ciki. Lambobin nan da ke jikin abin murɗawa na firji ba digiri ba ne, ƙarfin sanyayawa suke nunawa, ba za su faɗa miki halin da abincinki yake ciki ba.

Mu fara da miya, don a nan aka fi kuskure. Ana sauke tukunya da azahar, a bar ta a kicin wai sai ta huce sosai, ba za a tuna da ita ba sai bayan isha'i. Ƙa'idar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje, in kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 ce. Kuma kada ki ɗauki babbar tukunya ki cusa ta haka nan, domin gefe zai yi sanyi, tsakiya na nan da ɗumi har gari ya waye. Abin da nake yi, nakan zuba ruwan sanyi a baho in tsoma gindin tukunyar, ina juya miyar da ludayi har tururin ya daina tashi. Daga nan sai in rarraba a ƙananan robobi masu faɗi marasa zurfi, kowace roba daidai cin rana ɗaya. Ta gobe da jibi tana firji, sauran duk firiza. Da ɗan ɗuminta ma a saka, ba ya yi wa firji komai. Nakan manna takarda in rubuta ranar da aka dafa, saboda dafaffen abinci kwana 3 zuwa 4 yake yi a firjin da wutarsa ba ta yankewa. Irin namu kuwa, ni ban yarda ya wuce kwana 2 ba.

Shinkafa ta fi kowa yaudara. Akwai ƙwayar cuta da ake kira Bacillus cereus, irinta yana tsira daga dahuwa, in shinkafa ta jima a waje sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma wannan gubar ɗumame ba ya kashe ta. Don haka shinkafar biki da ta yini a kula, ta kwana a kan tebur, ko kin turara ta tana tiriri, tana iya sa yara amai. Haka tuwon shinkafa. In za ki ɗumama wani abu, ki ɗebi iya wanda za a ci, miya ta tafasa sosai, kada a yi ta mayar da roba ɗaya tsakanin wuta da firji.

Jerin kaya ba shi da wuya. Ɗanyen nama, kaza da kifi a can ƙasa, cikin roba mai murfi, don kada jininsu ya ɗiga a kan abin da za a ci ba tare da an sake dafawa ba. Leda kaɗai ba ta isa, tana yoyo. Dafaffen abinci a sama, a rufe. Ƙofa ita ce wurin da ya fi ƙarancin sanyi, a bar wa ruwa da lemo, madara da kindirmo da ƙwai su koma ciki. Kaza, niƙaƙƙen nama da kayan ciki kwana 1 zuwa 2 ne, in ba za ki dafa ba ki kai su firiza tun ranar. Albasa, doya, dankali da ayaba ba su da aiki a firji, cinye wuri kawai suke yi, kuma firjin da aka cika maƙil iska ba ta zagayawa.

Yanzu batun ɗauke wuta. Firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa 4. Firiza cikakkiya tana kai awa 48, in rabi ce awa 24. Duk wannan fa in an bar ƙofa a rufe, shi ya sa ruwan shan yara nake zuba musu a kula daban, in ba haka ba kowane minti biyar sai wani ya leƙa. Gurbin da ya rage a firiza ina cike shi da gorunan ruwa, in sun daskare su ne ke riƙe sanyi, in an ɗauke wuta in mayar da biyu ko uku cikin firji kusa da miya.

Akwai kuma dabarar kofi. Ki daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, ki ɗora tsabar kuɗi ko ɗan ƙaramin dutse a kan ƙanƙarar, ki bar shi a firiza. In kin dawo daga tafiya kika tarar ya nutse ƙasa, kaya sun narke sun sake daskarewa a bayanki, komai taurin da kika ga naman ya yi. Naman da ya fara saki amma har yanzu da ƙanƙara a jikinsa ana iya mayar da shi. Wanda ya narke amma yana da sanyi sosai, a dafa shi nan take. Wanda ya yi laushi ya ɗau ɗumi, a haƙura da shi. Na san tsadar nama, amma kuɗin asibiti ya fi. Kuma kada ki dogara da hanci ko ɗanɗano: ƙwayoyin da ke sa tsami da yauƙi daban, masu kawo amai da gudawa sau da yawa ba su da wari ko kaɗan.

Kunun aya ba ya jure wannan yanayin, a sha ranar da aka yi ko a daskarar da shi.

Da babbar salla kuwa, kada ki tura cinya guda cikin firiza ki ce kin gama. Ɗumin naman zai narkar da na kusa da shi, tsakiyarsa kuma sai ya daɗe bai daskare ba. Ki yanka, ki ƙulla daidai girki ɗaya a kowace leda, ki baje su falle-falle su daskare da wuri. In za ki dafa gobe, ki sauko da ƙulli ɗaya cikin firji tun dare, a cikin kwano, ba a bar shi a rana ba. In kuma unguwarku ta saba kwana biyu ba wuta, ki soya mafi yawan naman ƙarau kamar yadda iyayenmu ke yi, ki yi dambu da wani, firiza ta ɗauki iya abin da za ki iya dafawa a yini ɗaya in ta narke.