Kurakuran da sababbin hannu ke yi wajen niƙa garin kabonaitirayid

Duk shekara sai an kawo mana sababbin ɗalibai ɗakin gwaji, kuma duk shekara sai na ga an sake faɗawa ramukan da na daɗe da faɗawa. Na gaji da yi wa kowa bayani shi kaɗai, gara in rubuta.

A baki aikin ba wuya. Ka zuba garin titaniyam da na girafait (wato kabon) a tukunyar ƙarfe tare da ƙwallaye, ka ɗura naitirojin, injin ya yi ta juyawa har garin ya kama da kansa, cikin 'yan daƙiƙu ya zama TiCN, wato titaniyam kabonaitirayid, wanda ake yin bakin kayan yankan ƙarfe da shi. Masu bincike a birnin Sebil na Sifaniya sun yi aiki sosai a kan wannan hanya.

Kuskuren farko shi ne buɗe tukunya da zarar inji ya tsaya. Wallahi wannan ganganci ne. Titaniyam ɗin da ya sha niƙa bai kama ba ya riga ya koma gari mai laushi, fuskarsa sabuwa fil, yana haɗuwa da iska zai tashi. Ni na taɓa yi. Ana gab da la'asar, ina sauri, na kwance murfi a kan tebur. Farar wuta ta yi sama, ta cinye safar hannuna, tabon na nan a wuyan hannuna har yau. Wani ɗalibi ya rarumo ruwa, Allah ya sa malaminmu ya daka masa tsawa. Ruwa ƙara wa wutar titaniyam ƙarfi yake yi, haka ma abin kashe gobara mai iskar CO2. Busasshen yashi ake zubawa. Tun ranar nake barin tukunya ta kwana, in buɗe ta a akwati mai cike da iskar agon, wadda wuta ba ta ci a cikinta, sannan in riƙa sakar mata iska kaɗan kaɗan. Wasu na cewa awa biyu ta isa. Su suka sani, a ɗakina dai kwana take yi, kuma babu mai kunna inji sai na ga bokitin yashi.

Na biyu ya fi ƙona min rai, don ba ya nuna kansa. Mutum ya ɗura naitirojin, ya rufe bawul, ya ɗauka ya gama. Kai, ka yi lissafi mana! Tukunya mai mililita 45 a matsin bar 6 ba ta ɗaukar abin da ya wuce giram 0.3 na naitirojin, tun ma ba a cire wurin ƙwallaye ba. Giram 5 na titaniyam kuwa, in rabi kabon rabi naitirojin kake so, sai ya sha kusan giram 0.7. Daga ina ragowar za ta fito? Dole tukunya ta zauna haɗe da silindar naitirojin. Ga kuma zafin kamawar, wanda ke narkar da wani sashen titaniyam ya toshe wa iskar hanya, shi ya sa nake barin inji ya ci gaba da niƙa bayan na ga allurar matsi ta yi tsalle.

Abin takaicin, sakamakon XRD, gwajin da ke auna tsarin kiristal da hasken X-ray, sai ya rufa wa kuskuren asiri. Faɗin ɗakin kiristal na TiC (titaniyam da kabon zalla) kusan angistiram 4.33 ne, na TiN (titaniyam da naitirojin zalla) 4.24, to kowa sai ya duba inda nasa ya faɗo a tsakani ya ce ga yawan naitirojin. Amma oksijin ma yana shiga gurbin da naitirojin ke shiga, shi ma yana tsuke ɗakin. Wata huɗu na yi ina murna da gari, ashe robar murfi ce ta tsage, iska nake niƙawa da shi. Yanzu ba na rubuta wani adadi sai na'urar LECO ta auna min kabon da naitirojin da oksijin kowanne daban.

Sauran ƙanana ne. Kada gari da ƙwallaye su wuce rabin tukunya, in ba sarari ƙwallaye ba za su doki gari ba. Ni nauyin ƙwallaye nakan sa ya ninka na gari sau 20. Sitiyarik asid yana hana gari mannewa, amma yana kawo nasa kabon da oksijin, yana kuma jinkirta kamawa, don haka ba na sa shi. Ka auna ƙwallaye kafin niƙa da bayanta, abin da suka rage yana cikin garinka. Robar murfi kuwa, in ta sha kamawa ɗaya ka cire ta ka duba da kyau kafin ka mayar.